Daga allon aji a Yawuri zuwa ramin banda a Arbroath

Assalamu alaikum. Na rubuta wannan ne domin mazan da ke shirin bin matansu zuwa Birtaniya da bizar rakiya, musamman waɗanda aikin zai jefa su ƙananan garuruwan Sikotlan, inda za ka yi wata ba ka ji an yi maka sallama da Hausa ba.

A Yawuri aka haife ni. Mahaifina sana'arsa bandar kifi ce. Yana sayen tarwaɗa da karfasa a hannun Sarkawa, ya ƙyafe, ya cika kwanduna a ɗora a mota zuwa kudu. Hayaƙi ya lalata masa ido tun bai tsufa ba, shi ya sa ya dage sai na yi boko. Na yi, na zama malamin kimiyyar sinadarai a sakandare, na auri ma'aikaciyar jinya. Albashinmu biyu a haɗe ba ya kai mu ƙarshen wata, ga ƙanne, ga iyaye. Da uwargida ta ci jarrabawar Turanci da ta ƙwarewar aiki, wani gidan kula da tsofaffi a Arbroath ya ɗauke ta. Na ajiye alli, muka kwashi yara, muka sauka a ƙarshen 2022.

Mai shirin tafiya ya lura cewa doka ta canza tun bayan zuwanmu. Daga 11 ga Maris 2024 wanda aka ɗauka aikin kula da tsofaffi zalla ba ya zuwa da iyali, kuma a Yulin 2025 aka rufe ɗaukar irin waɗannan ma'aikata daga waje. Ma'aikaciyar jinya mai rajista ba ta cikin wannan hani. Takardar ɗaukar nauyi kuma, wadda mai ɗauka aiki ke bayarwa don a nemi biza, ba sayar da ita ake yi ba. Duk dillalin da ya ce ka kawo miliyoyi ya samo maka, ka riƙe kuɗinka.

Arbroath yana gabashin Sikotlan, a yankin Angus, a bakin Tekun Arewa. Mutanensa ba su wuce 24,000 ba. Birni mafi kusa shi ne Dundee, tafiyar kusan minti 20 a jirgin ƙasa, kuma can nake zuwa Juma'a, can muke sayen naman halal.

Sanyi kowa ya yi mana gargaɗinsa. Duhu ne ba wanda ya gaya mana. A Disamba rana ba ta fitowa sai wajen tara saura kwata na safe, kafin uku da rabi ta faɗi. Azahar da La'asar da Magariba duk suna shigewa cikin awa uku da 'yan mintuna. Ranar ma in ta fito ba ta hawa sama, tana raɓe ne a gefen kudu, ba ɗumi. Gidan da muka kama tsohon ginin dutse ne. Muka toshe kowace kafa don tsoron kuɗin gas, muna shanya wanki a ɗaki, sai bango ya fara baƙi a bayan kabad, ƙaramin yaronmu ya kama tari. Tururin girki da na wanki da numfashin mutane ne ke sauka a kan bango mai sanyi ya zama raɓa, raɓar ta haifi fumfuna. Maganinsa a buɗe taga minti goma kowace safiya komai sanyi, a janye kaya daga jikin bango, a bar ɗumi kaɗan yana tafiya maimakon a kunna da ƙarfi a kashe.

Aikin koyarwa bai samu ba. A Sikotlan ba ka shiga ajin makarantar gwamnati sai da rajistar hukumar malamai ta ƙasar, kuma tana son cikakken sakamakon jami'a, da shaidar horon koyarwa, da wasiƙar da ke nuna ba ka da tabo a inda ka koyar, da binciken 'yan sanda. Wanda zai taho ya haɗa waɗannan tun yana gida, da ƙafarsa. Daga nesa, takardar kwana uku sai ta ci wata shida. Haka na zauna. Uwargida tana fita aikin awa 12, ni ina kai yara makaranta cikin duhu, in ɗauko su duhu na sake rufewa. Mutumin da ɗalibai ke miƙewa in ya shigo aji, ga shi yana jiran matarsa ta turo masa kuɗin burodi. Ba ta taɓa yi mini gori ba, ko sau ɗaya, amma abin yana cina. A gida kuma an ɗauka na faɗa rijiyar kuɗi, waya ba ta hutawa.

Cikin wannan hunturu Allah ya yi wa Baba rasuwa. Da asuba aka kira ni, kafin Azahar an kai shi makwancinsa. Ban wanke shi ba, ban sallace shi ba, ban zauna a tabarmar makoki an zo an ce mini "ya haƙuri" ba. Ta waya na karɓi gaisuwa, ina zaune a kicin. Mun yi lissafin kuɗin jirgi ni da uwargida, muka ga in na tafi haya ba za ta biyu ba, kuma abin da zan kashe zai riƙe Inna da ƙannena tsawon takaba har ya yi saura. Na zaɓi in tura kuɗin. Har yau ina ganin shawarar daidai ce, kuma har yau tana yi mini ciwo.

Bayan haka na daina fita in ba dole ba. Barci ba ya isata, ƙasusuwana suna ciwo, abu kaɗan sai in daka wa yara tsawa. Karatun Alƙur'anin da na saba bayan Asuba ya gagare ni. Wata rana uwargida ta dawo aiki, ko rigar sanyi ba ta cire ba ta zauna kusa da ni ta ce, "Malam, wannan ya wuce zafin rashi. Irinsa nake gani a wurin aiki. Don Allah gobe mu kira likita." Ganin likitan unguwa kyauta ne ga wanda ya yi rajista, magani ma a Sikotlan kyauta ne. Aka ɗebi jinina, aka ga sinadarin bitamin D ya yi ƙasa ƙwarai. Fata ce ke ƙera shi daga hasken rana, kuma daga Oktoba zuwa Maris ranar wannan ƙasa ba ta da ƙarfin da za ta sa a ƙera shi. Shawarar hukumar lafiya ita ce kowa ya sha maikirogiram 10 kullum a waɗannan watanni, mu masu baƙar fata kuma duk shekara. Likitar ba ta tsaya a nan ba. Ta yi mini tambayoyi kan barci da ci da tunani, ta ce akwai ciwon damuwa, ta haɗa ni da mai ba da shawara, ta kuma ce kullum in fita tafiyar ƙafa da tsakar rana, ko ana ruwa.

Wannan tafiya ce ta sa na san garin da nake zaune a cikinsa. Na fara da kangon gidan ibadar nan na jan dutse da ke saman babban titi, wanda tagarsa mai da'ira ake hangowa daga nesa. Sarki William na Sikotlan, wanda ake wa laƙabi da Zaki, shi ya kafa shi a 1178, kuma a nan aka binne shi a 1214. Bayan sauyin addini na 1560, lokacin da ƙasar ta bar ɗariƙar Katolika, aka watsar da wurin, mutanen gari suka riƙa kwasar duwatsunsa suna gina gidaje. Daga wannan gida aka rubuta wasiƙar 6 ga Afrilu 1320 zuwa ga Fafaroma John na 22, wanda a lokacin yake zaune a Avignon ta Faransa. Manyan ƙasar ne suka sa hatiminsu, suna neman a amince da 'yancin Sikotlan da sarautar Robert Bruce. Sun ce muddin mutum ɗari daga cikinsu na da rai ba za su koma ƙarƙashin Ingila ba, kuma ba don suna ko dukiya suke yaƙi ba, don 'yanci ne. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne sun rubuta cewa shi kansa sarkin in ya miƙa su ga Ingila za su kore shi su naɗa wani. A nan kuma, ranar 11 ga Afrilu 1951, aka tsinci dutsen naɗin sarakunan Sikotlan, wanda wasu ɗalibai huɗu suka ɗauke daga Westminster a Landan ranar Kirsimetin 1950. Wanda ya san wannan ba zai kira mutumin Arbroath ɗan Ingila ba. Baƙi da yawa da wannan suke ɓata hirarsu ta farko da maƙwabci.

A bakin tashar jiragen ruwa akwai farin gini mai hasumiya, na 1813, wanda yanzu gidan tarihi ne. An gina shi ne domin masu tsaron fitilar Bell Rock, wadda ke tsakiyar teku, kilomita 18 daga gaɓa, a kan wani dutse da ruwa ke rufewa mafi yawan yini, wanda ya daɗe yana farfasa jirage. Robert Stevenson da ma'aikatansa sun gina ta tsakanin 1807 da 1810, suna aiki 'yan awannin da ruwa ya janye kawai, suna sassaƙa kowane dutse ya shige cikin ɗan'uwansa. Tsayinta mita 35, an kunna ta 1 ga Fabrairu 1811, kuma tana aiki har yau, ko da yake tun 1988 ba mutum a cikinta. Matan masu tsaron da 'ya'yansu a wannan farin gini suke zama. Kowace safiya ana ɗaga ƙwallo a kan sanda daga can, a amsa daga nan, alamar lafiya lau. In matar wani ta haihu, sai a ɗaga wando ko 'yar riga, ya gane namiji ne ko mace. Na daɗe a gaban wannan bayani. A wannan gari ma an yi mazan da labarin gidansu ke iske su daga nesa, ba halin zuwa.

Daga nan in ka shiga lungunan masunta da ke ƙasan gari, hayaƙi ne zai tare ka. A bayan gidaje ake bandar kifin da garin ya yi suna da shi, wanda suke kira simoki. Na riƙa tsayawa a ƙofar wani dattijo ina kallo, har wata rana ya ga ina duban itacensa ya tambaye ni ko na san aikin. Na ce a cikinsa na tashi. Ya ce yana neman hannu, amma sai na kawo abu biyu: lambar da ke tabbatar da izinin aiki, wadda ake cirowa a intanet, da shaidar kwas ɗin tsabtar abinci, na yini ɗaya. Mai bizar rakiya yana da damar yin kusan kowane aiki, abin da maza da yawa ba su sani ba. Na yi jinkirin gaya wa Inna. Da na faɗa mata sai ta ce, "Sana'ar ubanka ce ta ciyar da kai har ka zama malam. Ka riƙe ta da kyau."

Kifi iri ɗaya ake amfani da shi, hadok, farin kifin teku mai baƙin tabo a bayan kunne. Jiragen Arbroath yanzu ƙaguwa da lobsta suke kamawa, don haka hadok a mota yake zuwa cikin ƙanƙara, daga kasuwannin arewa irin ta Peterhead. Da asuba ake buɗe akwatuna. Idon kifi ya zama garau, ƙasan kunnensa ja, in ka danna tsoka ta dawo. A yanke kai, a cire hanji, a bar ƙashin baya. Sabon hannu a teburin wanki yake farawa, kuma nan ne aikin ke gyaruwa ko ya lalace: akwai jinin da ke kwance a jikin ƙashin baya da wata baƙar tantani a cikin ciki, sai an goge su tas da buroshi a ruwan sanyi. In aka bar su, wurin zai yi baƙi, ya yi ɗaci, kifin kuma ya riga sauran lalacewa. Ruwan yana kashe yatsu, gishiri yana shiga kowace 'yar tsaga. Safar hannu biyu ake sawa, ta ulu a ciki, ta roba a waje.

Sai gishiri, busasshe, ana jera kifi ana barbaɗawa. Wajen awa biyu yake ɗauka, a rage wa ƙanana, a ƙara wa manya. Ba don ɗanɗano kaɗai ake sa shi ba. Yana tsotse ruwa, yana sa fata ta yi tauri, kuma fatar ce ke riƙe nauyin kifin a kan wuta. In gishiri bai kama ba, wutsiya za ta tsinke kifin ya faɗa cikin garwashi. In ya wuce, ba mai iya ci. Ana haɗa su biyu-biyu, masu girma ɗaya don su nuna tare, a ɗaure wutsiyoyin da zaren algarara, a ɗauraye gishirin, a rataya a kan sanduna masu kusurwa uku, ɗaya ta wannan gefe ɗaya ta wancan. Siffar sandar ce ke raba su, hayaƙi ya ratsa tsakani. Duk inda biyu suka taɓa juna, fari zai fito. A bar su su sha iska har fata ta bushe. Jiƙaƙƙen kifi in ya shiga rami turara yake yi, hayaƙi ba ya kama shi.

Ramin a da rabin gangar katako ce ta wiski, a binne a ƙasa, a shimfiɗa mata faifan dutse a ciki. Wasu har yau da ita suke yi a wuraren biki. Namu na bulo ne. Itace mai tauri ake hurawa, oak da beech. Itacen pain yana da ƙaro, yana ba da baƙin hayaƙi mai ɗaci, katako mai fenti kuma guba ne. Sai wuta ta kama sosai ake jera sandunan a bakin rami, a rufe, a lulluɓe da jiƙaƙƙun buhunan algarara. Buhun shi ne linzamin wutar. Yana hana iska shiga har harshen wuta ya kwanta, yana riƙe zafi da danshi, kifin ya dahu yana shan hayaƙi lokaci guda. Ranar iska a ƙara buhu, ranar da gari ya yi luf a rage. Ruwan kifi yana ɗiga, wuta takan tashi, sai ka ji ƙarar ta canza kafin ka gani, ka yayyafa ruwa. Iska in ta yi yawa fata ta ƙone ciki bai nuna ba. In ta yi kaɗan wuta ta mutu, kifi ya fito toka-toka da tsami. Daga minti 45 zuwa awa ɗaya da rabi ake yi, gwargwadon girman kifi da yanayin gari. Dattijon da hannu yake ganewa, ya matsa kusa da ƙashi. Ni ina soka ma'aunin zafi in ga ya kai digiri 75 na Salsiyas, in rubuta a littafi, domin masu duba tsabta suna tambaya. Fatar takan fito ruwan jan ƙarfe, tsokar fara, mai laushi.

A nan ya bambanta da bandarmu. Tarwaɗar Yawuri ana ƙyafe ta ne har ta bushe ƙarau, don ta jure zafi da doguwar hanya. Simoki dafaffe ne mai danshi, sai an huce shi an sa a firji, kuma bai wuce mako guda. Wanda ya zuba shi a miya tun farko zai nemi kifi ya rasa. A buɗe shi, a zare ƙashin gaba ɗaya, a sa a ƙarshe bayan an sauke tukunya.

Tun 2004 doka ta kare sunan: ba a kiran kifi simokin Arbroath sai an yi shi cikin kilomita 8 daga tsohon zauren majalisar garin. Asalinsa kuwa daga Auchmithie ne, wani ƙauye a kan tsauni, kilomita 5 arewa da gari. Masuntan can a da kamar mallakar mai ƙasa suke. A farkon ƙarni na 18 wasu suka ƙaura zuwa Arbroath, mai ƙasar ya kai ƙara aka mayar da su. Sai a ƙarni na 19 suka riƙa tahowa da sana'arsu. Matan su ne ƙashin bayan aikin: su sa wa mamari mai ƙugiya fiye da dubu abinci, su goya mazansu a baya zuwa kwalekwale don kada su fita teku da jiƙaƙƙun kaya, su ƙyafe kifin, su ɗauka a kwando su kai talla. Akwai hanyar ƙafa daga gari zuwa ƙauyen, a kan gaɓar jan dutse. Tana da kyau ƙwarai, amma bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Gefen yana zaizayewa, hazon teku yana rufe ido cikin 'yan mintuna, kuma wanda zai sauka ƙasa wajen koguna ya duba jadawalin cikar ruwa tukuna.

Mutanen garin ba su da saurin sakin jiki, amma suna lura da wanda ya damu da abinsu. Tsofaffin masunta har yau ba sa son a ambaci alade ko a yi fito a cikin jirgi. Kwalekwalen ceto 'yan sa kai ne ke tuƙa shi, kuma ba a manta da Oktoban 1953 ba, lokacin da ya kife a bakin tasha mutum shida cikin bakwai suka rasu. In ka ga asusunsu a kanti, ka jefa wani abu. Filin ƙwallonsu, Gayfield, a bakin ruwa yake, iska tana karkatar da ƙwallo, kuma kowane yaro ya san cewa a 1885 sun ci ƙungiyar Bon Accord 36 da nema. Daren sabuwar shekara suna son wanda zai fara taka ƙofarsu ya zama namiji mai baƙin gashi, riƙe da gawayi da biskit da giya. Maƙwabciyarmu, wata tsohuwa, ta roƙe ni in zama nata. Na gaya mata ban yarda sa'a tana bin ƙafar kowa ba, kuma ba na ɗaukar giya, amma zan zo a matsayin maƙwabci. Na kai gawayi da cincin. Tun daga ranar ita ke karɓar mana saƙo in ba ma gida.

Damuwar ba ta tafi gaba ɗaya ba. Duk Nuwamba nakan ji tana matsowa, sai in ƙara tafiyar rana, in kira mai ba ni shawara tun kafin ta yi nauyi. Bazara kuma da nata: rana tana kaiwa goma na dare, shafaƙi ba ya ɓacewa, sai a bi jadawalin masallaci wajen Isha da Asuba, a sa labule mai kauri don yara su yi barci. Yanzu ni ke kula da wuta in dattijon bai fito ba, kuma abin da nake samu ya ishe ni in riƙe Inna ba tare da na taɓa albashin uwargida ba. Takarduna na koyarwa sun kammala zuwa, na miƙa su, ina jiran amsa. In rajistar ta fito zan koma aji, amma na riga na gaya wa dattijon cewa zan ci gaba da zuwa ranar Asabar, musamman a Disamba, lokacin da oda ke yi masa yawa.